Richard Hentsch: Laftanar Kanar Ɗin Da Ya Ɗauki Laifin Janar-Janar

A ranar Talata 8 ga Satumbar 1914, makonni biyar bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani hafsan sojan Jamus mai shekara 44 ya shiga mota a birnin Luksambag ya nufi fagen daga a ƙasar Faransa. Babu runduna a bayansa, babu takardar umarni a aljihunsa. Abin da ya ɗauko kawai shi ne maganar baka da maigidansa ya yi masa a ofis da safiyar ranar. Kafin ya dawo bayan kwana biyu, dakarun Jamus da suka matso kusan kilomita 40 daga birnin Paris sun juya da baya, shirin da hafsoshin ƙasar suka yi shekara da shekaru suna tsarawa ya wargaje, yaƙin da aka yi zaton za a gama kafin ƙarshen shekara kuma ya ci shekara huɗu. Sunan wannan hafsa Richard Hentsch, muƙaminsa kuwa shi ne wanda Jamusawa ke kira Oberstleutnant, wato Laftanar Kanar.

Tun daga lokacin Jamusawa suka shiga gardama a kan abin da wannan bawan Allah ya aikata. Wasu na ganin shi ne ya ƙwace musu nasara bayan ta zo hannu, wasu kuma na ganin ya ceci dubban ɗaruruwan sojoji daga halaka. A ganina rayuwarsa ta cancanci a waiwaye ta, domin duk ma'aikacin da ya taɓa zama a tsakiyar tsani, da manya a samansa da ƙanana a ƙarƙashinsa, ya san irin wannan aike da irin abin da yake haifarwa.

Asalin muƙamin

Kafin mu shiga tarihin mutumin, yana da kyau mai karatu ya fahimci muƙamin, domin ma'anar sunan ta yi daidai da abin da ya same shi. A ƙarni na 16 da na 17, lokacin da sarakunan ƙasashen Jamus ke hayar mayaƙa, wanda ya tara rejimanti da kuɗinsa shi ake kira Obrist, kalmar da ta koma Oberst, ma'ana na sama da kowa. Sau da yawa wannan Oberst basarake ne ko attajiri da ke zaune a fada yana harkokinsa, don haka yakan naɗa wanda zai riƙe masa dakarun a filin daga. Kalmar Leutnant daga Faransanci ta samo asali, kuma ma'anarta mai riƙon wuri. Ke nan Oberstleutnant shi ne wakilin da ke tsayawa a madadin maigidan da ba ya nan.

Muƙamin yana tsakanin Manjo da Kanar, kuma har yau ana amfani da shi da wannan suna a rundunonin Jamus da Ostiriya da Switzalan. Maƙwabta ma sun are shi: Danmak da Norwe da Suwidin da Finlan duk suna da irin wannan kalma da ɗan bambancin lafazi, a Holan kuma akan kira mai riƙe da shi da sunan overste. A zamanin daular Jamus, hafsa mai wannan matsayi yana ɗauke da anini ɗaya a kan saƙaƙƙiyar igiyar kafaɗarsa, Kanar yana da biyu, Manjo ba shi da ko ɗaya. A rundunar Jamus ta yanzu kuwa anini biyu ne a saman ganyen azurfa, kuma galibi shi ne kwamandan bataliya.

Amma abin da ya bambanta Jamus da sauran ƙasashe a wancan zamani shi ne Babbar Hukumar Hafsoshi da ke Berlin, wadda ke zaɓo haziƙan matasan hafsoshi ta horar da su a kan tsara yaƙi, ta kuma rarraba su ga janar-janar a matsayin mashawarta. Ana gane su da jan ratsi a gefen wandonsu. Hafsa irin wannan, ko da muƙaminsa ƙarami ne, idan ya zo da saƙo daga hedikwata, ana ɗaukar maganarsa tamkar ta Babban Hafsan Hafsoshi. A yaƙin Faransa da Furushiya na 1870, manyan mataimakan Helmuth von Moltke babba su uku duk Laftanar Kanar ne, kuma ɗaya daga cikinsu, Bronsart von Schellendorff, shi aka tura cikin garin Sedan da farar tuta don neman Faransawa su miƙa wuya. A 1914 ma, Wilhelm Groener da ya tsara jigilar miliyoyin sojoji ta jirgin ƙasa, da Max Hoffmann da ya taka rawa wajen tsara nasarar Tannenberg a kan Rasha, duk da wannan muƙami suka shiga yaƙin.

Ɗan talaka a cikin 'ya'yan sarauta

An haifi Richard Hentsch a birnin Kolon ranar 18 ga Disambar 1869. Mahaifinsa ƙaramin soja ne, kuma babu kalmar von a gaban sunansu, wadda ita ce alamar gidan sarauta a Jamus. Wannan ba ƙaramin cikas ba ne a rundunar da manyan kujerunta kusan gadon 'ya'yan masu ƙasa ne. A 1888 ya shiga rundunar ƙasa ta masarautar Saksoni, wadda ke da nata sojoji a cikin daular, kamar yadda Babariya take da nata. Ƙwazonsa ya kai shi Kwalejin Yaƙi ta Berlin, daga nan aka ɗauke shi cikin Hukumar Hafsoshi. Ya yi ta kai da kawo tsakanin Berlin da rundunar Saksoni, har aka ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar a watan Afrilun 1914.

Da yaƙi ya tashi, sai aka ba shi shugabancin sashen tattara bayanai kan rundunonin abokan gaba a babbar hedikwata. An san shi da natsuwa da kaifin tunani da sanin rundunar Faransa ciki da waje. An kuma san shi da rashin ɗoki, har wasu abokan aikinsa na ganin ya cika hangen matsala. Yana fama da ciwon maɗaciya, wanda daga baya masu sukarsa suka riƙa kafa hujja da shi wai shi ya sa komai ya yi masa duhu. Gaskiyar magana ita ce, aikinsa ne ya sa ya san abin da sauran ba su so su ji. Rahotannin da ke zuwa teburinsa sun nuna cewa Faransawa suna ja da baya ne cikin tsari, ba a karya su ba, kuma suna kwasar dakaru ta jirgin ƙasa daga gabas zuwa yankin Paris.

Yadda bango ya tsage

Shirin yaƙin Jamus, wanda ake dangantawa da Alfred von Schlieffen, shi ne a ratsa Beljiyam da gagarumar runduna, a zagayo ta arewacin Faransa, a murƙushe ta cikin kimanin makonni shida, sannan a juya kan Rasha. Wanda nauyin aiwatar da shi ya hau kansa shi ne Helmuth von Moltke ƙarami, ɗan ɗan'uwan wancan na 1870, dattijo mai shekara 66 da ba shi da cikakkiyar lafiya. Runduna bakwai ya jera a yamma. A can ƙarshen dama akwai Runduna ta 1 ƙarƙashin Alexander von Kluck, kusa da ita kuma Runduna ta 2 ƙarƙashin Karl von Bülow. Dukansu biyu shekarunsu 68, kuma ba sa ga maciji da juna. Kluck mutum ne mai zafin nama da son kutsawa, Bülow kuwa mai taka-tsantsan ne. An ɗan sa Kluck ƙarƙashin Bülow a watan Agusta, abin da ya ƙara ɓata tsakaninsu.

Da farko komai ya tafi daidai. An shiga Beljiyam ranar 4 ga Agusta, Burasels ta faɗi ranar 20 ga wata, sojojin Faransa da na Birtaniya suka yi ta ja da baya, har gwamnatin Faransa ta bar Paris ta koma Bordeaux a farkon Satumba. Sai dai nasarar tana cin masu ita. Sojojin Kluck sun taka ɗaruruwan kilomitoci da ƙafa cikin zafin rani, takalma sun yage, dawakai na mutuwa, abinci da harsashi na can baya saboda an lalata hanyoyin jirgin ƙasa. Bugu da ƙari, a ƙarshen Agusta Moltke ya zare manyan rukunoni biyu daga wannan ɓangare ya tura su gabas don tare Rasha. Shi kansa yana zaune a wata makaranta a Luksambag, fiye da kilomita 200 daga inda ake gwabzawa, babu layin tarho da ya haɗa shi da Kluck, saƙon wayar iska kuma yakan yi sa'o'i masu yawa kafin ya isa.

A ƙarshen Agusta Kluck ya karkata kudu maso gabas yana bin sawun Faransawa, ya bar Paris a damansa, ya ƙetare kogin Marne. Babban kwamandan Faransa Joseph Joffre da gwamnan soja na Paris Joseph Gallieni suka ga dama ta samu. Ranar 5 ga Satumba sabuwar rundunar Faransa ƙarƙashin Janar Maunoury ta yi karo da gefen dakarun Kluck a kusa da kogin Ourcq. A wannan faɗa ne aka yi amfani da motocin tasi na Paris wajen kai ƙarin sojoji. Kluck bai yi wata-wata ba, ya janyo rukunoninsa daga kudancin Marne ya fuskanci Maunoury. Wannan mataki ya buɗe giɓi mai faɗin kusan kilomita 50 tsakaninsa da Bülow, babu kowa a ciki sai 'yan mayaƙan dawakai da suka gaji. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga sojojin Birtaniya da wata rundunar Faransa suka fara kutsawa.

Aiken da babu takarda

A Luksambag, Moltke ya yi kwanaki bai aika wa rundunonin biyu wani sabon umarni ba, kuma bai san haƙiƙanin halin da suke ciki ba. Da safiyar 8 ga Satumba ya zauna da manyan mataimakansa, Gerhard Tappen na sashen ayyuka, da Wilhelm von Dommes, da Hentsch. Aka yanke shawarar tura mutum ya gano. Zaɓin ya faɗa kan Hentsch, wanda ya ziyarci hedikwatar Kluck kwana uku kafin nan. Abin da aka faɗa masa a wannan ɗaki shi ne tushen rigimar gaba ɗaya, domin ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Daga baya Moltke ya nuna cewa ya ba shi izinin daidaita ja da baya ne kawai idan ya tarar an riga an fara. Hentsch kuwa ya tsaya a kan cewa an ba shi cikakken iko ya ba da umarnin janyewa idan ya ga babu makawa.

Ya tashi da hantsi tare da kyaftin biyu. Maimakon ya zarce inda wuta ke ci, sai ya bi rundunonin ɗaya bayan ɗaya: ta 5 a Varennes, ta 4 a Courtisols, ta 3 a Châlons, inda ya tarar al'amura na tafiya daidai. Sai da magariba ya isa gidan sarautar Montmort, hedikwatar Bülow. A nan ya tarar da janar ɗin da ya karaya. Rundunarsa ta ragu ƙwarai, an tura gefenta na dama baya, ba shi da dakarun ajiya, kuma yana ɗora laifin giɓin a kan Kluck. Suka yi doguwar tattaunawa, suka amince cewa muddin abokan gaba suka ƙetare Marne da yawa, babu abin yi sai janyewa. Hentsch ya aika wa Luksambag gajeren saƙo da ke nuna cewa lamarin ya yi tsanani amma bai kai ga yanke ƙauna ba, sannan ya kwana a nan.

Washegari Laraba 9 ga Satumba ya kama hanyar Mareuil, inda Kluck ya kafa hedikwata. Tafiyar ta ɗauke shi kusan sa'o'i 5, domin hanyoyin bayan fagen daga sun cushe da kekunan kaya da na raunanan sojoji, ga jita-jitar cewa mayaƙan dawakan Birtaniya na tafe. Duk wanda ya san yaƙi ya san bayan runduna kullum ya fi gabanta muni a ido, kuma ba mamaki abin da ya gani ya ƙara masa nauyin zuciya. Yana cikin wannan tafiya, jiragen leƙen asiri suka kawo wa Bülow labarin cewa jerin gwanon sojojin Birtaniya na ƙetare Marne. Bülow bai jira kowa ba, ya ba rundunarsa umarnin ja da baya.

Wajen tsakar rana Hentsch ya isa Mareuil. Bai gana da Kluck ba, sai da shugaban hafsoshinsa, Manjo Janar Hermann von Kuhl. Kuhl ya nuna masa cewa suna gab da nasara, domin ɗaya daga cikin rukunoninsu ya fara zagaye gefen Maunoury ta arewa. Hentsch ya bayyana masa cewa Runduna ta 2 na janyewa, kuma idan ta 1 ta tsaya za a yi mata zobe. Ya ɗauki gawayi ya zana a kan taswira layin da za a koma, wajen garin Soissons, ya kuma shaida masa cewa da ikon babbar hedikwata yake magana. Kuhl ya je ya sami Kluck, suka amince. Wani abin mamaki shi ne, Kluck, janar mai dubban ɗaruruwan dakaru, bai nemi ganin wannan Laftanar Kanar ido da ido ba, Kuhl bai nemi a rubuta masa umarnin ba, kuma babu wanda ya nemi tabbaci daga Luksambag.

Hentsch ya koma hedikwata ranar 10 ga wata. Sai a ranar 11 Moltke ya fito da kansa ya zagaya rundunonin, kuma abin da ya gani ya sa ya umarci sauran ma su ja da baya. Ranar 14 ga Satumba aka karɓe ragamar daga hannunsa aka ba Erich von Falkenhayn. Jamusawa suka tsaya a tuddan kogin Aisne suka haƙa ramuka, ɓangarorin biyu suka yi ta ƙoƙarin zagaye juna har suka dangana da teku. Daga nan aka shiga yaƙin ramuka da ya lamushe miliyoyin rayuka. Tsawaitar yaƙin ta shafe mu ma a nan, domin bayan an gama da Jamusawa a Kamaru a watan Fabrairun 1916, an kwashi sojojin Nijeriya, da yawansu Hausawa, zuwa Gabashin Afirka don fafatawa da Paul von Lettow-Vorbeck, wanda shi ma yana Laftanar Kanar yaƙin ya same shi.

Bayan Marne

Hukumomin Jamus sun ɓoye wa jama'arsu girman abin da ya faru, amma a tsakanin hafsoshi gunaguni ya yi ta yaɗuwa, kuma sunan Hentsch ne a bakin kowa. Duk da haka manyansa ba su daina amfani da basirarsa ba. A 1915 shi aka tura ya binciki gaɓar kogin Danube ya tsara yadda za a ƙetara a afka wa Sabiya, aikin da rundunar August von Mackensen ta aiwatar a watan Oktoba har ta kama Belgired. Ya ci gaba da aiki a hedikwatar Mackensen, aka ƙara masa girma zuwa Kanar a 1916. Bayan faɗuwar birnin Bukarest a watan Disambar wannan shekara, an naɗa shi a 1917 shugaban hafsoshin gwamnatin soja ta mamaya a Romaniya, inda babban aikin shi ne kwasar alkama da man fetur na ƙasar zuwa Jamus. Bai kamata a manta da wannan ba: mutumin da muke tausaya wa ƙwararren ma'aikaci ne na rundunar mamaya, kuma talakawan Beljiyam da Sabiya da Romaniya sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun wannan runduna.

Zargin Marne bai bar shi ya sake ba. A 1917 shi da kansa ya nemi a binciki lamarin. Erich Ludendorff, wanda a lokacin shi ne mai faɗa a ji a babbar hedikwata, ya sa aka bincika, kuma a watan Mayu ya fitar da takarda da ta wanke shi, bisa hujjar cewa bai wuce iyakar abin da aka aike shi ba, tunda Runduna ta 2 ta riga ta fara janyewa. A wannan shekara aka ba shi Pour le Mérite, lambar yabo mafi girma ta sojan Furushiya. Amma bai daɗe yana cin moriyar wankewar ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1918 ya rasu a Bukarest bayan tiyatar maɗaciya, yana da shekara 48, aka binne shi a can, watanni tara kafin ƙarshen yaƙin.

Mutuwarsa ta sauƙaƙa wa masu neman wanda za su rataya wa jakar tsaba. Moltke ya riga ya mutu a watan Yunin 1916, don haka mutum biyun da suka fi kowa sanin abin da aka faɗa a wancan ɗaki duk sun kau. Bayan an sha kashi a 1918, janar-janar suka shiga rubuce-rubuce, Bülow da Kluck da Kuhl da Tappen kowa ya fitar da nasa bayani yana kare kansa. Tarihin yaƙin na hukuma da aka wallafa a 1926 ya karkata ga cewa an janye ne a daidai lokacin da nasara ta kusa. Wannan labari ya yi wa Jamusawa daɗi, domin yana nufin ba a fi ƙarfinsu ba, kuskuren mutum ɗaya ne ya cuce su. Abin takaici, Ludendorff ɗin da ya wanke shi a 1917 shi ne ya dawo a 1934 ya wallafa ɗan littafi yana danganta abin da ya faru a Marne da makircin ƙungiyoyin asiri, ya shafa wa mamacin kashin kaji. A watan Afrilun 1945 kuma ruwan bama-bamai ya ƙone ma'ajiyar takardun soja ta Potsdam, takardu masu yawa suka salwanta.

Laifin wa?

Idan aka duba da idon basira, Hentsch bai fita sumul ba. Ya ɓata yini guda a wuraren da babu matsala alhali wuta na ci a wani gefe. Ya kwana a Montmort bai ji ta bakin Kluck ba kafin ya amince da ra'ayin Bülow. Ya siffanta wa Kuhl halin Runduna ta 2 da muni fiye da yadda yake. Bai kuma nace ya ga Kluck ba. Amma in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sahu. Giɓin nan ba shi ya buɗe shi ba, Kluck ne. Umarnin farko na janyewa ba daga bakinsa ya fito ba, daga Bülow ne. Rashin jituwar dattawan biyu, da rashin wanda zai tsaya a kansu a kusa, da zare dakaru zuwa gabas, da zaman nesa, duk suna wuyan Moltke. Masana tarihi da yawa a yau na ganin cewa ko da Kluck ya ci galaba a kan Maunoury a ranar, sojojin Birtaniya na bayansa, dakarunsa sun gaji, kuma shirin kansa ya fi ƙarfin ƙafar soja da doki. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma mai yiwuwa janyewar ce ta hana a yi wa Runduna ta 1 zobe a gama da ita.

Babban darasin yana ga tsarin da ya haifar da wannan aike. Jamusawa na alfahari da al'adarsu ta a faɗa wa hafsa manufa a bar masa hanyar cimma ta, kuma al'adar ta amfane su a wurare da dama. Sai dai tana aiki ne idan manufar a fili take kuma shugaba na tsaye a bayan wakilinsa. Moltke ya ji tsoron yanke hukunci mafi nauyi a rayuwarsa, sai ya miƙa shi ga ƙaramin hafsa cikin lafazi mai harshen damo. Kluck da Kuhl su ma sun sami mafita, domin karɓar umarnin baka ya ba su damar janyewa ba tare da an ce su suka zaɓa ba. Kowane babba ya sami inda zai fake, aka bar mai anini ɗaya a rana.

Mai karatu da ke aiki a ma'aikata ko banki ko asibiti ko jami'a ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi. Ya san umarnin da ake cewa ya zo daga sama amma babu sa hannu, ya san wayar da ake bugowa da dare, ya kuma san wanda ake kira gaban kwamitin bincike bayan an sauya shugabanni. Shugaba na iya ba wakilinsa iko, amma alhakin yana nan a wuyansa, kuma wanda ba zai iya sa hannu a kan umarninsa ba bai cancanci a bi shi ba. Shi kuma na tsakiya, komai amincinsa da maigidansa, ladabi bai hana shi neman a rubuta masa abin da aka aike shi da iyakar ikonsa ba. Da Richard Hentsch ya tsaya minti biyar a Luksambag ya nemi layi uku da sa hannun Moltke, ƙila da tarihin yaƙin bai sauya ba, amma da ba a shafe shekaru ana jifan kabarinsa da laifin da manyansa suka taru suka aikata ba.